Ajiya Ba Ciniki Ba Ce: Aikin Ɗalibin Hausa a Jerin Kayan Manhajar Lissafi

A hutun da ya gabata na sauka Garwa, babban birnin Yankin Arewa na ƙasar Kamaru, wurin wani kawuna da ke sarin hatsi da kayan masarufi. Shekara biyu ke nan da ɗansa ya shawo kansa suka sayi kwamfuta, suka sa mata manhajar lissafin kuɗi, aka jingine manyan littattafan nan masu baƙin bango. Na tarar da uba da ɗa suna ta sa-in-sa a kan takarda guda. Takardar, wato rahoton ƙarshen shekara da manhajar ta fitar, ta nuna cewa ciniki ya zarce na bara nesa ba kusa ba, riba kuma ta yi kyau. Kawu kuwa ya dage cewa bai ga wannan riba a aljihu ko a sito ba. Yaron yana cewa na'ura ba ta ƙarya. Uban yana cewa shekara talatin yana kasuwa, bai taɓa cin ribar da bai ji nauyinta a hannu ba.

Ni ba akanta ba ne, harshe nake koyarwa. Amma a gida duk wanda ya yi boko likita ne, lauya ne, akawu ne, don haka aka ajiye mini kujera gaban kwamfutar. Dare biyu muka yi ni da yaron muna bin abin da ya shigar ɗaya bayan ɗaya, har muka kai ga wani layi a jerin kayan shagon wanda aka raɗa wa suna da kalmar Faransanci guda, divers, wato tarkace. Wanda ya saita musu manhajar tun farko ya ɗaure wannan layi da asusun ciniki. Duk kuɗin da ya shigo shago, yaron bai sami sunansa a jerin ba, sai ya zuba shi a tarkace. Kuɗin da wata tsohuwa mai man gyaɗa take kawo wa Kawu ajiya duk mako, tarkace. Kafin alƙalamin da wani ɗan kasuwa daga Ngong ya bayar a kan masarar da ba a auna masa ba tukuna, tarkace. Rancen da Kawu ya karɓo daga amininsa lokacin kaka don ya cika sito, shi ma tarkace. Manhajar ta tattara su duka ta kira su ciniki, ta cire kuɗin saro, ta ce ragowar riba ce. Ba ta yi kuskuren tarawa ko na ɗebewa ba. An dai ba ta suna ɗaya a inda Kawu yake da uku.

Kafin in ci gaba, ya kamata ɗalibin da bai taɓa buɗe irin wannan manhaja ba ya san yadda abin yake. Ko Sage ce, ko QuickBooks, ko Odoo, tsarin kusan ɗaya ne. Ba a fara rubuta ciniki sai an gina jeri: jerin haja, jerin masu saye, jerin waɗanda ake sarowa a wurinsu. Kowane abu a jerin haja yana da gurabe da za a cike: sunansa, lambarsa, irinsa (kaya ne da ake ƙirgawa a sito, ko aiki ne kamar dako), ma'auninsa, farashinsa, harajin da ke kansa, sannan asusun da kuɗinsa zai faɗa idan an saya da wanda zai faɗa idan an sayar. Sau ɗaya ake cike waɗannan gurabe, galibi cikin gaggawa, ranar da aka kawo na'ura. Daga nan mai shigar da lissafi suna kawai yake zaɓa ya rubuta adadi, sauran aikin yana gudana a ɓoye. Rahoton da za a kai banki ko ofishin haraji bayan wata goma sha biyu, jimillar zaɓin nan ne da aka yi a yini guda.

Lambobin asusun kuwa ba mai shago ke ƙago su ba. Kamaru tana cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OHADA, wadda aka rattaba hannu a kan yarjejeniyarta a Port-Louis ta tsibirin Morishus ranar 17 ga Oktoba, 1993, domin daidaita dokokin kasuwanci. Sakatariyarta tana Yawunde. Nijar da Cadi suna ciki, Nijeriya ba ta ciki. Tsarin lissafin ƙungiyar, SYSCOHADA, an sabunta shi a Barazabil ranar 26 ga Janairu, 2017, ya fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2018. Ya kasa asusu aji-aji: na 1 jari da basussuka masu dogon zango, na 2 kadarori, na 3 hajar da ke sito, na 4 mutanen da ake hulɗa da su, na 5 tsabar kuɗi da banki, na 6 kashewa, na 7 kuɗin shiga, na 8 abubuwan da ba na yau da kullum ba. Saboda haka 701 cinikin haja ne a Garwa, shi ne kuma a Maraɗi da Injamena. An sassauta wa ƙananan 'yan kasuwa: mai saye da sayarwa wanda cinikinsa bai kai sefa miliyan 60 a shekara ba yana iya bin taƙaitaccen tsari na shiga da fita. To amma yawan cinikin ne ke nuna wanda ya cancanci sassaucin, kamar yadda yake nuna rukunin da hukumar haraji za ta sa mutum. Wanda ya kumbura cinikinsa da ajiyar tsohuwa, zai biya haraji a kan kuɗin da ba nasa ba. Wannan ita ce ƙaramar hasara. Babbar ita ce ranar da tsohuwar za ta zo karɓar kuɗinta, a buɗe kwamfuta a ga babu inda aka rubuta tana bin shago ko sisi.

Ra'ayina shi ne, gurbin nan da ake haɗa suna da lamba aikin masanin harshe ne kafin ya zama aikin akanta, kuma mu manazarta Hausa mun bar shi mun tafi wani wuri. Idan aka yi maganar Hausa da na'ura, hankalinmu yakan tafi ga fassara maɓallan fuskar allo: yaya za a ce da wannan, yaya za a ce da wancan. Ban raina wannan aiki ba, amma yaron shago yakan haddace maɓalli cikin mako guda ko da Sinanci aka rubuta shi. Abin da ba ya iya yi shi kaɗai shi ne ya ji ubansa ya ce "ajiya ce", ya san gidan da za ta shiga cikin ɗaruruwan lambobi. A nan ne harshe ke ɗauke da dukiyar mutane, a nan ne kuma babu mu.

Mu ɗauki bashi, tunda masu iya magana sun ce hanji ne, yana cikin kowa. Mai koyon Hausa yakan ɗauka kalma ɗaya ce, ma'ana ɗaya. Amma sunan bashi ba ya faɗin wa ke bin wa. Aikatau ne ke faɗa. "Ina bin sa bashi" dukiya ce tawa da ke hannun wani, gidanta 411, asusun masu saye. "Yana bi na bashi" nauyi ne a wuyana, idan na mai ba ni sari ne gidansa 401. Wanda ya rubuta "bashi" tsurarsa a jeri, ya haɗa gabas da yamma a layi ɗaya. Haka abin yake a rance da aro. "Na ranci kuɗi" da "na ranta masa kuɗi" saiwarsu ɗaya, giredin aikatau da ɗan ƙaramin "wa" ko "ma" ne suka juya akalar kuɗin. "Na ari buhu" da "na ara masa buhu" haka. Saya da sayar kuwa, da muke ta nanata wa 'yan aji ɗaya a matsayin misalin giredi na biyu da na biyar, su ne 601 da 701. Darasin da ɗalibi yake ɗauka na cin jarrabawa ne kawai, shi ne ƙashin bayan littafin shago.

Wannan bai kamata ya ba mu mamaki ba. Luca Pacioli, wanda ya bayyana tsarin lissafi mai gefe biyu a littafin da aka buga a Banis ta Italiya a 1494, da harshen 'yan kasuwar zamaninsa ya rubuta, kuma ƙananan kalmomi biyu, per da a, su ne suka raba masa wanda ake bi da mai bi. Manyan kalmomin da akantoci ke tsorata mu da su a yau asalinsu maganar kasuwa ce: wane ana bin sa, wane ya yarda ya bayar.

Bahaushe bai tsaya nan ba. Ya raba rance da aro: rance shi ne abin da za a kashe ko a cinye a mayar da madadinsa, kamar kuɗi ko tiyar gero, aro kuwa shi kansa abin za a mayar, kamar sikeli ko amalanke. Bambancin yana da nauyi a lissafi, domin abin aro bai taɓa zama naka ba, bai kamata ya shiga kadarorinka ba. Zanen aro, in ji masu magana, ba ya rufe katara. Ya raba ajiya da jingina: dukansu kayan wani ne a hannunka, amma ɗaya amana ce da za a karɓa ko yaushe, ɗaya kuma tana tsare da bashi. Ya san kafin alƙalami, kuɗin da aka ba ka kafin ka ba da kaya, wanda tsarin OHADA ya ware wa 419 idan kai ka karɓa, 409 idan kai ka bayar. Ya san la'adar dillali, wadda kashewa ce a aji na 6. Ya san bashin da ake sa rai da wanda aka fid da rai, tsarin ma ya san shi, ya ba wa mai shakku lamba 416. Kawu yana raba waɗannan biyu duk shekara idan zai fid da zakka, tun kafin ya taɓa jin sunan OHADA. Kuma ya san kuɗin cefanen gida da yake zara daga aljihun tebur ba kashewar shago ba ne, ko da yake, gaskiyar magana, ba kullum yake so a tuna masa ba. Wannan ma yana da gida, 104, asusun mai shago.

Abin lura shi ne, a duk misalan nan ba Hausa ce ta gaza ba. Tsarin dokar ma bai gaza ba, yana da gurbi ga kusan kowannensu. Ajiyar tsohuwa tana da wurin zama a 471, cikin mutanen da shago ke riƙe wa kuɗi. Bakin kasuwa ya bambance, littafin doka ya bambance, jerin da ke tsakaninsu ne ya dunƙule. Wanda ya saita jerin ya san lambobi amma bai zauna a shago ba. Wanda ya zauna a shago bai san lambobi ba. An rasa tafinta.

Bayan suna sai ma'auni, kuma a nan Garwa tana da darasi na musamman. Kamfanin auduga na SODECOTON, wanda aka kafa a 1974 kuma hedikwatarsa take birnin, da kilo yake sayen auduga. Manomi ya saba: a ɗora a sikeli, a rubuta nauyi, a cire bashin taki da maganin ƙwari da ya karɓa ta hannun ƙungiyarsa, a ba shi saura. Amma manomin nan idan ya kawo masara ko gyaɗa kasuwar Pitowa, da buhu da kwano zai sayar. Buhu kuwa suna ne, ba nauyi ba. Buhun da aka ɗinke bakinsa daban, wanda aka yi wa hula daban. Kwanon saye a ƙauye da kwanon sayarwa a birni ba lalle su zo ɗaya ba, kuma a tsakaninsu ribar wasu take. Manhaja tana neman a gaya mata sau ɗaya: kwano nawa ne a buhu? Duk adadin da aka ba ta za ta riƙe shi har abada. A shagon Kawu an ba ta adadin da ya dace da masara, aka bar shi a kan gero da wake da gyaɗa. Ƙarshen shekara kwamfuta ta ce akwai buhunan da ido bai gani a sito ba, har aka fara kallon yaran shago da wani ido. Albasa kuma, wadda ake nomawa da yawa a arewacin Kamaru, raguwa take yi a ajiye. Idan babu layin "raguwa" a jeri, to lalle wata rana za a kira ta sata.

Kuɗin kansa ma sai an saurara. A bakin 'yan kasuwa da yawa na ƙasashen sefa, da dala ake ƙirga, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Sunan ya samo asali ne daga tsohon kuɗin azurfa na Mariya Tareza wanda ya daɗe yana yawo a kasuwannin Afirka. Dala ashirin ita ce sefa 100. Idan dattijo ya ce "ɗari", sau da yawa sefa 500 yake nufi. Yaron da ya yi makarantar Faransanci, yana ji yana bugawa, sai ya rubuta 100. Ga kuma naira da ke shigowa ta Yola da Mubi, wadda canjinta ke motsi, alhali sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957. Ga kuɗin waya na MTN da Orange, waɗanda tun Janairun 2022 gwamnatin Kamaru ta ɗora wa harajin kashi 0.2 cikin ɗari a kan turawa da cirewa. Abin sha'awa, gyaran 2017 ya buɗe wa kuɗin waya asusu na kansu, lamba 55. Wato masu tsara dokar da kansu sun yarda cewa jeri ne ke bin kasuwa.

Akwai wani gurbi da ba a cika kula da shi ba, na wa'adin biya. Manhaja takan zo da kwana 30 ko 60. Manomin da ya ɗauki kaya a shagon Kawu da damina ba haka ya yi alkawari ba. Cewa ya yi "sai kaka", ko "sai an biya kuɗin auduga". Wannan wa'adi ne sananne, kowa a yankin ya san lokacinsa. Da yake an bar gurbin yadda ya zo, rahoton basussuka ya shafa wa mutanen kirki jan fenti tun watan Agusta, ya jera su tare da waɗanda suka gudu da kuɗi shekara uku.

Sai rubutu. Na ƙirga layi biyar a jerin shagon waɗanda duk gyaɗa suke nufi: gyada, da guiada irin ta wanda ya koyi haruffa a Faransanci, da arachide, da biriiji ta Fulatanci, da wata gyaɗar da aka so a rubuta daidai amma harafin ɗ ya rikiɗe ya koma alamar tambaya. A wurin na'ura waɗannan kaya biyar ne. An saro a layi ɗaya, an sayar a wani, sai wannan ya cika ya batse, wancan ya nuna an sayar da abin da babu. Ƙa'idojin rubutu da ɗalibai ke ganin tsananin malamai ne kawai, ga su nan sun zama buhuna. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, suna cikin tsarin Unicode, sababbin manhajoji suna karɓar su. Inda tsohuwar manhaja ta ƙi, shawarata a zaɓi hanya ɗaya a rubuta ta a takarda a manna a bango, a kuma dogara da lambar kaya wajen nema. Wanda ke aiki tsakanin iyakoki ya tuna cewa abin da Nijeriya ke rubutawa 'y, Nijar tana rubuta shi ƴ. Kamaru kuma tana da nata haruffan bai-ɗaya na harsunan ƙasa tun 1979.

Na san abin da za a ce, kuma wasu daga cikin masu cewar suna da hujja. Na farko, doka. Sashe na 17 na dokar lissafi ta OHADA ya wajabta a riƙe littattafai da harshen hukuma da kuɗin ƙasa, harsunan hukuma a Kamaru kuwa Faransanci ne da Ingilishi. Gaskiya ne, ban kuma ce a kai wa jami'in haraji rahoto da Hausa ba. Sunan asusu da lambarsa su zauna yadda doka ta ajiye su. Amma jerin kaya na mai shago ne, kuma galibin manhajojin nan suna da gurbi fiye da ɗaya: na suna, na bayani, na lamba. A sa Faransanci a inda zai fita a rasit da rahoto, a sa kalmar kasuwa a inda yaro zai gani lokacin zaɓa. Jami'i ya ga 419, yaro ya ga kafin alƙalami, kowa ya karanta abin da ya iya.

Na biyu ya fi nauyi. Garwa ba Kano ba ce. Fulatanci ne harshen da ya haɗa kasuwannin arewacin Kamaru, daga Ngaundare har Marwa, Hausa kuwa harshen wasu unguwanni ne da wasu sana'o'i da fataucin da ke tsallaka iyaka. Wanda ya zo yana cewa a Hausantar da kwamfutocin Garwa, bai san garin ba. Na amince. Hujjata ba ta fifikon Hausa ba ce. Cewa nake a saita jeri da harshen da aka ƙulla cinikin da shi. A shagon Kawu Hausa ce, a na maƙwabcinsa Fulatanci ne, kuma aikin da nake kira a yi, ɗalibin Fulatanci ma yana da irinsa. Hasali ma wurin da harsuna uku ke haɗuwa a kan buhu ɗaya ya fi ko'ina bukatar a zauna a daidaita. Dawar rani da ake dasawa bayan ruwa ya janye, wadda Bahaushe da Babarbare ke kira masakwa, Bafulatani yana ce mata muskuwaari, takardar Faransanci kuma tana iya haɗa ta da sauran dawa a suna ɗaya, alhali lokacinta da farashinta daban.

Na uku shi ne na abokaina akantoci: kalmomin kasuwa ba su da iyaka tsayayya, abin da wannan ya kira ajiya wancan zai kira shi amana, wani ma ya ce rance ne tunda Kawu yana juya kuɗin. Wannan ma gaskiya ne, kuma shi ne dalilin da ya sa aikin yake bukatar manazarci. Kalmar fannu ba daga sama take faɗowa da iyakarta ba, mutane ne ke zama su shata mata. Idan tsohuwa ta yarda a juya kuɗinta a ba ta wani abu, sunan ya tashi daga ajiya, gidansa ma ya sauya. Tambayar da za ta fid da wannan, tambayar ma'ana ce, irin wadda muke koyarwa a darasin ilimin ma'ana. Akanta zai faɗi lamba, amma sai an gaya masa ainihin abin da ya faru tsakanin mutum biyu.

Inda nake saɓa wa wasu abokan aikina shi ne wajen ƙirƙira. Da zarar an ce babu kalmomin lissafi a Hausa, sai a kafa kwamiti a ɗakin taro, a ɗauko jerin kalmomin Turai, a yi ta ƙera musu kishiyoyi masu tsawon kamu guda waɗanda ba mai faɗar su ko a cikin ɗakin. An fara daga inda bai kamata ba. Ƙamusun Bargery na 1934 cike yake da kalmomin ciniki da awo da bashi, Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 ma haka, bakin 'yan kasuwa kuma ya fi su duka. A fara tattara abin da ke akwai, a ga gidan da kowace kalma ta dace da shi, sannan a ƙirƙira a inda aka ga rami na gaske. Ramukan suna nan. Ragin darajar kadara shekara-shekara, alal misali, Kawu ya san motarsa tana tsufa amma bai taɓa ba wa tsufan suna a littafi ba. Harajin da ake ɗorawa a kan kaya, wanda a Kamaru yake kashi 19.25 cikin ɗari, shi ma sai an yi bayani kafin ɗan kasuwa ya yarda cewa abin da ya karɓa da sunansa ajiya ce ta gwamnati a hannunsa. Da na faɗa wa Kawu haka, da kalmar ajiya, bai sake tambaya ba.

Ga ɗalibin da ke neman batun kundin digiri, wannan fili ne da ba a nome ba. Ba ya bukatar tallafi mai yawa. Ya zaɓi shago ɗaya, ya nemi izini, ya zauna mako biyu da littafi, ya rubuta duk kalmar da aka faɗa lokacin da kuɗi ko kaya suka sauya hannu, da jimlar da ta fito a ciki, da wanda ya faɗa wa wa. Kada ya tambayi ma'ana tukuna, ya ga abin da aka yi. Daga baya ya zauna da ɗalibin sashen lissafi su ɗaura kowace kalma da lambarta. Jami'ar Garwa da aka kafa a 2022, da ta Marwa da ta Ngaundare, duk suna kusa da kasuwannin da za a yi wannan aiki. Wanda yake Yola ko Kano zai iya yin irinsa, sai dai ya sani Nijeriya ba ta bin lambobin OHADA, don haka sakamakonsa zai zama abin kwatantawa. Sharaɗi ɗaya ne: sirrin shago amana ne, sunayen masu bashi ba sa shiga kundi.

Mu dai a dare na uku muka rushe layin tarkace, muka gina guda tara a madadinsa. Muka haɗe gyaɗa biyar ta koma ɗaya. Ribar ta sauko ta daidaita da abin da Kawu yake ji a hannunsa, sunan tsohuwa mai man gyaɗa ya fito da adadin kuɗinta a gabansa. Abu ɗaya ne ya gagare mu, wato gyara, ɗan abin da ake ƙara wa mai saye bayan an cika awo. Ba ragi ba ce, domin farashi bai sauka ba. Ba kyauta ba ce tsantsa, domin sai wanda ya saya ake yi wa. Kaya suna fita daga sito, kuɗi ba ya shigowa. Yaron ya kawo shawara a buɗe mata layi, a riƙa rubuta duk tafin hannun da aka ƙara.

"Kawu, ko kimantawa ce a riƙa yi, don sito ya daidaita," na ce.

Ya dube ni ya dubi ɗansa. "Malam, ka taɓa ganin an auna gyara? Ranar da na fara ƙirga ta, mutanen ƙauye za su ji a hannuna."

Muka bar ta ba layi. Yaron ya ce zai riƙa zuba gibin a "raguwa" duk ƙarshen wata, tare da na albasa. Na san ba gidanta ba ne, har yanzu kuma ban samo mata wani ba.